Kasafin kuɗin tafiya aikin hajji: abin da ake lissafawa bayan kuɗin kujera

Aikin hajji kansa kwana biyar ne zuwa shida, daga 8 zuwa 12 ko 13 ga watan Zulhajji. Amma maniyyacin da ya tashi daga Nijar yakan yi mako uku zuwa biyar bai ga gida ba, domin jirage rukuni-rukuni suke kwasar alhazai, ga ziyarar Madina, ga jiran jirgin dawowa. Duk tsawon waɗannan makonni aljihu ɗaya ne ke ɗauke da wuri biyu, matafiyi a ƙasa mai tsarki da iyalin da ya bari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Mutane da yawa da zarar sun biya kuɗin kujera sai su ɗauka an gama. Kuɗin kujera shi ne kaso mafi girma, amma akwai wasu kaso biyar da ba ya ɗauka: shirin kafin tashi, guzuri, hadaya, cefanen gida, da tsaraba haɗe da hidimar dawowa. Wanda bai lissafa su tun farko ba yakan biya su daga baya ta hanyar bashi, ko sayar da dabba ko gona cikin gaggawa a farashin da ba nasu ba.

Kuɗin kujera da abin da ke cikinsa

Saudiyya ce ke ware wa kowace ƙasa adadin kujerun da za ta samu, bisa ƙa'idar da ƙasashen musulmi suka amince da ita tun ƙarshen shekarun 1980, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane musulmi dubu. A shekarun baya-bayan nan kason Nijar kujera 15,891 ne. Hukumar shirya aikin hajji da umra ta ƙasa, wadda aka fi sani da COHO, ita ce ke sanar da farashin kujera a kowace shekara, ita ce kuma ke ba kamfanonin jigilar alhazai, wato ajans, izinin karɓar kuɗin maniyyata. Tun bayan annobar korona farashin ya haura miliyan 3 na sefa.

Yawanci wannan kuɗi yana ɗauke da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, biza, masauki a Makka da Madina, tanti a Mina da Arfa, da motocin da ke kai alhazai tsakanin waɗannan wurare. Inda ake samun bambanci tsakanin ajans da ajans shi ne a ƙananan abubuwa, kuma su ne ke cin guzuri. Tambayoyin da ya kamata maniyyaci ya samu amsarsu a rubuce kafin ya biya su ne: abinci sau nawa a rana, kuma a waɗanne garuruwa, ko hadaya na ciki, nisan masauki da Harami, da ko akwai motar da ke kaiwa kyauta, mutum nawa a ɗaki, kilo nawa na kaya jirgi ya yarda da shi, da abin da za a mayar wa mutum idan biza ba ta fito ba ko rashin lafiya ya hana shi tafiya.

Kowane biya da aka yi, ko na somin-taɓi ne, a karɓi resi mai ɗauke da sunan kamfani, hatimi da kwanan wata. Kuɗin da aka miƙa wa dillali a zaure ba tare da takarda ba, babu hukumar da za ta iya ƙwato shi cikin sauƙi. Sunan ajans kuma a duba shi cikin jerin waɗanda aka ba izini a wannan shekarar, don izinin bara ba ya wadatarwa.

Abin da ake kashewa kafin tashi

Fasfo ne farkon abin dubawa. Saudiyya tana buƙatar wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Wanda zai yi sabo ya haɗa kuɗin hoto, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kuɗin motar zuwa ofis, wani lokacin fiye da sau ɗaya.

Sai alluran rigakafi. Ana buƙatar ta shawara daga duk wanda ya fito daga Nijar, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka mai tsohon karne ya adana shi, ya huta da sake biya. Ta sanƙarau, mai kare nau'i huɗu na cutar, dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya, kuma tana aiki shekara 3 ko 5 gwargwadon irin wadda aka yi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sayi maganin da zai ishe shi duk tafiyar da ƙarin mako guda, ya bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Mafi yawan jiragen alhazai daga filin Diori Hamani na Yamai suke tashi. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Damagaram kusan 900. Kuɗin kar na zuwa da na dawowa, kuɗin kaya a tasha, da abinci da wurin kwana a Yamai duk suna cikin lissafi. Lokacin tashin jirgi yakan sauya, don haka a ware na kwana uku zuwa huɗu a babban birnin ko da an ce kwana ɗaya za a yi. Idan akwai ƴan rakiya, galibi nauyinsu ma kan maniyyaci yake faɗawa.

Na ƙarshe a wannan kaso shi ne kayan tafiya: harami ga maza, hijabai ga mata, takalmi mai sauƙin tafiya, akwati, jakar ɗaurawa a ƙugu, lema, da ɗan busasshen abinci irin wanda aka yarda a shiga da shi. Yawancinsu sun fi arha a kasuwannin gida.

Yadda sefa ke zama riyal

Guzuri da riyal ake kashe shi, kuma farashin riyal a sefa ba tsaye yake ba. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya a kan sefa 655.957. Riyal kuma a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, dalar Amurka ɗaya a kan riyal 3.75. Saboda haka duk motsin da aka samu tsakanin yuro da dalar Amurka yana sauka kai tsaye a aljihun alhajin Nijar.

Idan yuro ɗaya yana sayen dalar Amurka 1.10, dalar Amurka ta zama sefa 596, riyal ɗaya kuma sefa 159. Idan yuro ya yi ƙarfi ya kai 1.17, riyal ya sauko kusan sefa 150. A shekarar 2022, lokacin da yuro ya faɗi ƙasa da dalar Amurka, riyal ya haura sefa 175. Ga mai buƙatar riyal 2,800, bambancin da ke tsakanin 150 da 175 jika 70 ne cur. A kan wannan kuma akwai ribar banki ko ta ɗan canji.

Don sauƙin lissafi a kasuwa, idan riyal yana sefa 160, to riyal ɗaya dala 32 ne a ƙirgen gida, riyal 10 jika ɗaya da dala 120, riyal 100 kuma jika 16. Wanda ya riƙe wannan a ka ba zai ga riyal 50 a matsayin ƙaramin kuɗi ba, don jika 8 ne.

Sefa ba ta da kasuwa sosai a wuraren canjin Makka da Madina, inda kuma aka karɓe ta farashin yakan yi muni. Gara a canza tun daga gida zuwa riyal idan an samu, ko zuwa yuro ko dalar Amurka. Kowane canji yana cin wani abu, don haka wanda ya canza sau biyu ya yi asara sau biyu. Dokokin babban bankin BCEAO sun ƙayyade yawan tsabar kuɗin waje da matafiyi zai fita da shi, Saudiyya ma tana buƙatar a bayyana wa ƴan duwan kuɗi ko zinariyar da suka haura wani adadi. Banki da ajans su ne ke faɗin adadin da ke aiki a lokacin tafiya.

Guzurin yau da kullum

Hanyar lissafin guzuri ita ce a ƙiyasta abin da za a kashe a rana ɗaya, a ninka da yawan kwanaki, a ƙara kwana uku na jinkirin jirgi. Abubuwan da ke shiga ciki kaɗan ne, amma kullum suke dawowa.

Abinci shi ne na farko. Ko da ajans tana ciyarwa, mutane da yawa ba sa jure abincin masauki na makonni, sai su nemi shayi, madara, burodi, ƴaƴan itace ko tuwo a wajen masu dafa abincin gida. Kusa da Harami komai ya fi tsada, kuma tun watan Yulin 2020 harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne. Mutum huɗu ko biyar na ɗaki ɗaya idan suka haɗa kuɗi suka sayi sukari, shayi da madara a babban kanti, abin yakan yi musu sauƙi ƙwarai.

Na biyu shi ne mota. Wanda masaukinsa ke nesa da Harami zai shiga taksi duk lokacin da motar ajans ta wuce shi, kuma a kwanakin hajji direbobi sukan ninka kuɗi. Ziyarar wurare kamar Uhudu da masallacin Kuba a Madina, ko Dutsen Nur a Makka, wani lokacin ba ta cikin kuɗin kujera. Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da aka buɗe a 2018, mai tsawon kilomita 450, amma wanda ya zaɓe shi a madadin motar ajans shi zai biya.

Na uku waya ce. Amfani da layin Nijar a can yana cinye kuɗi cikin ƴan mintuna. Layin Saudiyya na STC, Mobily ko Zain mai ɗauke da intanet ya fi sauƙi, a riƙa kiran gida ta WhatsApp ko makamancinsa inda ya yiwu. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu.

Akwai kuma wanki, aski bayan kammala umra da hajji, da sadaka. Tsoho ko maras lafiya da ba zai iya ɗawafi da sa'ayi da ƙafa ba zai biya kuɗin keken turawa ko na lantarki, wataƙila sau uku ko huɗu a tafiya ɗaya. Iyalin da za su tura dattijo su ware wannan kuɗi daban. Asibitocin gwamnatin Saudiyya suna duba alhazai kyauta a lokacin hajji, amma maganin tari da mura da ake saye a farmasi daga aljihu yake fita, kuma kaɗan ne ke dawowa ba su saya ba.

Hadaya da fidiya

Nau'in hajjin da mutum ya yi niyya yana da tasiri a kan kasafinsa. Mai ifradi, wanda ya yi niyyar hajji kaɗai, babu hadaya a kansa, kuma shi ne nau'in da mazhabar Malikiyya ta fifita. Mai tamattu'i, wanda ya yi umra ya kwance harami sannan ya sake ɗaurawa don hajji, da mai ƙirani da ya haɗa su a niyya ɗaya, hadaya ta hau kansu. Waɗanda suka isa Makka da sauran makonni kafin Arfa sukan zaɓi tamattu'i, don zama cikin harami na tsawon lokaci da wuya.

A 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara tafiyar da shirin Adahi, inda alhaji ke sayen takarda a yanka masa dabba a raba naman ga mabuƙata. A ƴan shekarun nan farashin yana wajen riyal 700 da ɗoriya. Masu yawo a masaukai suna karɓar kuɗin hadaya a farashi mai rahusa ba su da wata shaidar da za su nuna cewa an yi yankan. Wanda ba shi da halin hadaya, shari'a ta ba shi mafita, azumin kwana uku a lokacin hajji da bakwai bayan ya koma gida.

Barin wani wajibi na hajji yana jawo yanka, aikata wasu abubuwan da harami ya hana kuma yana jawo fidiya, wato azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Halartar bitar da ake yi wa maniyyata kafin tafiya tana kare ibada, tana kuma kare aljihu.

Gidan da aka bari

Hajji wajibi ne a kan mai iko, kuma malamai da dama sun sanya cikin ma'anar iko mutum ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su har ya dawo. Wannan kaso ne aka fi mantawa, alhali shi ne ya fi saurin jawo ɓacin rai.

Shekarar musulunci ta gaza ta bature da kwana 10 zuwa 11, don haka lokacin hajji yana matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi hawan Arfa ranar 15 ga Yuni, a 2025 ranar 5 ga Yuni, shekarun da ke biye kuma za su faɗo cikin Mayu sannan Afrilu. A kudancin Nijar wannan shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, manomi kuma yana shirin shuka. Magidancin da zai yi tafiya ya sayi hatsi, shinkafa, mai da sukari tun da kaka ko farkon rani, kafin farashi ya tashi. Mai gona ya bar iri, taki da kuɗin ƴan ƙwadago a hannun wanda ya amince da shi, domin ruwan farko ba ya jiran dawowar jirgi.

Babbar salla ma tana zuwa ne yana can. A mazhabar Malikiyya layya ba ta hau kan alhaji ba, amma gida mai yara da wuya ya yarda salla ta wuce ba rago, ba ɗinki. Idan za a yi, a saka kuɗin cikin kasafi, a sayi ragon da wuri. Sauran su ne haya, ruwa da wuta, kuɗin makaranta, da wani abu na asibiti idan wani ya kwanta.

Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna da ƙarin lissafi guda, wato cinikin da za su rasa. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na shiga ko yana Mina, amma tela ko mai shago da ya rufe wata guda cikin kasuwar salla ya rasa mafi kyawun cinikin shekara. Kuɗin cefane kuma ya fi kyau a raba shi mako-mako a hannun uwargida ko wani amintacce, a rubuta bashin da ake bin maigida da wanda yake bi, a bar takardar a gida.

Tsaraba da hidimar dawowa

Tsaraba ce ke karya kasafin mafi yawan alhazai, domin ba ta da iyaka sai wadda mutum ya sa mata. Matsalar tsohuwa ce. Sarkin Mali Kankan Musa, da ya tafi hajji a 1324 da zinariya mai yawan gaske, ya yi kyauta da sayayya har sai da ya ci bashi wajen ƴan kasuwar Alƙahira a hanyar dawowa.

Abin da ke taimakawa shi ne a rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun a gida, a sa wa kowane suna adadi, a ware kuɗin cikin ambulan daban, kuma kada a buɗe shi sai an sauko daga Mina. Wanda ya fara sayayya tun a Madina a makon farko yakan wayi gari ranar Arfa ba shi da na ruwan sanyi. Carbi, dadduma, hula da jallabiya da ake sayarwa a Makka yawancinsu daga ƙasashen Asiya ake kawo su, kuma irinsu na nan a kasuwannin Maraɗi da Yamai. Alhazai da dama sukan saye su a gida su ajiye, su dawo da dabino da zamzam kawai daga can.

Nauyin kaya ma kuɗi ne. Kowane kamfanin jirgi yana da iyakar kilo, abin da ya haura kuwa ko a biya shi da tsada ko a bar shi a filin jirgi. Ruwan zamzam ba a sa shi cikin akwati, galan ɗaya mai lita 5 da aka rufe a masana'anta ake ba kowane alhaji izinin ɗauka. Wanda ya sayo kaya da yawa na sayarwa ya san cewa duwan na jiransa a Yamai.

Bayan sauka akwai kuɗin mota zuwa gida da na masu tarba, sai kwanakin da ƴan barka da zuwa ke cika gida, ana dafa abinci ana raba dabino. Mako na farko bayan dawowa kuma galibi na hutu da jinya ne, ba na neman kuɗi ba.

Misalin lissafi

Alƙaluman da ke biye misali ne na yadda ake haɗa lissafin, kowa zai sa nasa gwargwadon gidansa da farashin shekararsa. A ɗauka magidanci ne daga Maraɗi, zai yi kwana 30 a Saudiyya, riyal kuma yana sefa 160.

Shirin kafin tashi, da takardu da allura da mota da kaya: jika 150.
Guzuri, riyal 35 a rana har kwana 30, riyal 1,050: jika 168.
Hadaya, an ware riyal 750: jika 120.
Tsaraba, riyal 1,000: jika 160.
Cefanen gida, jika 4 a rana har kwana 40: jika 160.
Rago da hidimar salla: jika 150.
Hidimar dawowa: jika 60.

Jimilla jika 968. A kan wannan a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, jika 97, saboda jinkirin jirgi, ɓatan kaya, tashin riyal ko rashin lafiya. Abin ya kama miliyan 1 da jika 65. Idan kujera ta haura miliyan 3, wannan ƙari ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Mai wannan gida, kenan, miliyan 4 da ɗoriya yake buƙata kafin ya ce ya shirya.

Yadda ake riƙe kuɗi a can

Cunkoson ɗawafi da na jifa wuri ne da jaka ke ɓata. A raba kuɗi gida uku: na rana ɗaya a aljihu cikin ƙananan takardu na riyal 5 da 10, na mako a jakar ƙugu, sauran a kulle a masauki ko a ajiyar otel inda akwai. Na ko-ta-kwana kada a taɓa shi don tsaraba sai ranar da aka tabbatar da jirgin dawowa.

Katin banki yana rage haɗarin yawo da tsabar kuɗi, amma wanda ke aiki cikin ƙasashen UEMOA kaɗai ba zai yi aiki a Saudiyya ba, sai mai alamar Visa ko Mastercard. A sanar da banki kafin tafiya, a tambayi abin da yake cirewa a kowane ɗauka da iyakar abin da za a iya ɗauka a rana. Hoton fasfo, biza da katin Nusuk, wanda ya zama dole ga kowane alhaji tun 2024, a bar kofi ɗaya a gida, ɗaya a waya.

Wasu sukan yi niyyar cike gibin guzuri da kayan sayarwa ko ɗaukar saƙon wani a biya su. Hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kan goro da ƙwayoyi irin su taramol. Safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu ƙunshi a jakarsa shi ake kamawa, ko da bai san abin da ke ciki ba.

Hanyar da ake cewa ta fi arha

A kowace shekara ana samun masu tallar hajji da bizar ziyara ko ta umra a rabin farashi. Wanda ya bi wannan hanya ba shi da tanti a Mina da Arfa, ba shi da motar alhazai, ba shi da katin Nusuk, da ƙafa yake tafiya cikin rana yana ɓuya wa jami'an tsaro. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da mutuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin hajji. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, wato miliyan 3 da jika 200 idan riyal yana sefa 160, kusan kuɗin kujera cikakke, ga kora da hana shiga ƙasar na shekara 10.

Idan umra ce

Tsarin lissafin ɗaya ne, sai dai umra ba ta da ƙayyadadden farashi na ƙasa kamar kujerar hajji, kowace ajans da nata. Tafiyar takan ɗauki kwana 10 zuwa mako biyu, ta watan azumi kuma har wata guda. Babu Mina da Arfa, babu hadaya. Abin da ya fi motsa farashi shi ne lokaci da nisan masauki: goman ƙarshe na Ramadan otel-otel na kusa da Harami sun fi kowane lokaci tsada. Sau da yawa abinci ba ya cikin kuɗin umra, don haka guzurin rana ya fi na hajji nauyi. Mai umrar azumi ya tuna da zakkar fidda kai da kayan ƙaramar salla na gida.

Tara kuɗin

Saudiyya tana rufe rajistar alhazai da biyan kuɗin masaukai watanni kafin Zulhajji, don haka ajans ke neman a kammala biya da wuri. Wanda ya raba abin da yake buƙata a kan watannin da suka rage ya san matsayinsa: miliyan 4 da jika 200 a cikin shekara uku, misali, kusan jika 117 ne kowane wata. Ajiya a banki ko asusun ajiya ta fi ajiya a gida tsaro. Adashe yana taimakawa idan kwasar mutum ta faɗo kafin ranar biya, amma zubin da ya rage bayan kwasa bashi ne da zai ci gaba da biya yana Makka, don haka shi ma ya shiga kasafi. Mai sayar da dabbobi ko amfanin gona ya zaɓi lokacin da kasuwa ke da kyau tun da sauran watanni.

Idan lissafi ya nuna kujera ta samu amma guzuri da cefanen gida ba su samu ba, akwai abin da za a iya ragewa ba tare da an taɓa ibada ba: tsaraba, walima, ɗinki da yawan ƴan rakiya. Idan an rage waɗannan duka lissafin bai cika ba, a nemi shawarar malami a kan jinkirtawa zuwa shekara mai zuwa kafin a kai ga jinginar da gona ko gidan da iyali ke ciki.